Ƙarar da inji ke yi da safe idan an tada mota: metal ne ko kuwa?

"Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Motata mai silinda huɗu ce, ta fetur, otomatik, tayi tafiyar wajen kilomita 190,000. Yau kusan sati uku kenan duk safiya in na murza makulli sai inji tayi wata ƙara kar-kar-kar kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sakan biyu zuwa uku sai tayi shiru. In na kashe na sake tayarwa da rana bata yi. Ban daɗe da yi mata juye ba. Makanike ɗaya yace metal ne ya tafi sai an sauke inji, wani kuma yace in zuba mata 20W-50 zata daina. Wanne zan bi? Injin ne zai buga?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka daidai, ƙarar tana zuwa ne kawai bayan motar ta kwana, bata wuce sakan uku, bata dawowa in inji ya ɗau zafi, kuma ta fara ne kusa da lokacin da aka canja baƙin mai. To waɗannan abubuwa huɗu da ka faɗa sun fi min amfani akan kwatancen ƙarar kanta, domin kowa da yadda kunnensa ke ji, abin da wani zai kira kar-kar wani ƙwas-ƙwas zai ce. Amma lokacin da ƙara ke zuwa da lokacin da take ɗaukewa, wannan baya ƙarya. Kuma tun daga farko bari in gaya maka, kar ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu tukuna. Kar a sauke inji, kar kuma a zuba mai mai kauri, sai an auna. Duk su biyun hasashe suka yi, ɗaya hasashen mai tsada ne, ɗayan kuma zai iya ƙara ɓata abin.

Me ke faruwa a sakan ukun farko

Ƙarfen cikin inji ba a kan juna suke gudu ba, a kan baƙin mai suke gudu. Tsakanin karanshaf, wato sandar ƙasan inji da fistin ke juya ta, da metal, wato siraran ƙarafan da take juyawa a kansu, akwai ɗan fili da bai fi 0.025 zuwa 0.05 na milimita ba, ko kaurin gashin kai bai kai ba, kuma famfon mai ne ke cika wannan filin da ƙarfi. In ka kashe mota da dare famfon ya tsaya, man da ke sama duk sai ya fara gangarowa ƙasa cikin sam, wato kaskon mai da ke ƙasan inji. Da safe in ka tayar, sai famfon ya jawo mai daga ƙasa, ya cika filta, ya cika hanyoyin da ke cikin bulok, sannan ya kai saman inji wajen kamshaf, sandar da ke buɗe bawul. Duk abin da ke jiran mai kafin ya tsaya daram, a wannan ɗan tsakanin zai yi ƙara.

Masu ƙera inji sun san da haka, shi yasa a cikin filtar mai irin ta gwangwani akwai wata roba zagayayya a bayan ƙananan hudojin nan, in ka leƙa zaka ganta, wata baƙa wata ja ko ruwan lemo. Aikinta ta toshe hanya kar mai ya koma ƙasa in inji ya tsaya. In filtar jabu ce, ko ba lambar motar bace an dai ga ta ɗauru an ɗaura, ko robar ta bushe ta ƙandare, to duk dare hanyoyin man zasu tsiyaye, duk safiya kuma injin zai tashi a bushe. Tunda kace abin ya fara bayan juye, ni nan zan fara zargi. Na sha ganin wannan. Akwai wani bawan Allah da ya kawo min mota hankalinsa a tashe har ya fara cigiyar injin hannu, na kwance filtar da safe kafin a tayar, na kifa ta, ɗigon mai kaɗan ne ya fito, fayau take. Na sa sukundireba na taɓa robar naji ta kamar busasshen fata. Muka ɗaura filta ta kirki, motar ta kwana a gareji, washegari ta tashi shiru. Tun daga ranar duk wanda ya kawo min irin wannan ƙarar, tambayata ta farko itace wace filta aka sa kuma wa ya siyo.

Na biyu shine man kansa. Lambar farko mai W tana nuna yadda mai ke gudu in yana da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa in ya yi zafi. Injin da aka ƙera don 5W-30 ko 0W-20 hanyoyinsa ƙanana ne, in ka zuba masa 20W-50 da safe man zai yi ta jan ƙafa kafin ya kai sama, kaga ka tsawaita daidai lokacin da kake son gajartawa. Gaskiya ne mai mai kauri yana rage ƙarar tsohon injin da metal ɗinsa ya saki, daga nan masu bada wannan shawarar suka samo ta, amma rufe ƙara ne ba gyara ba, kuma a irin matsalarka ma ba lallai ya rufe ba. Duba murfin wajen zuba mai ko littafin motar, abin da aka rubuta shi zaka zuba. Ka kuma zaro gejin mai da safe a waje mai daidai kafin ka tayar, ka ga yana tsakanin alamomin biyu, ka sunsuna ko yana warin fetur, ka ga ko ya koma kalar madara, wanda ke nuna ruwa ya shiga.

Su wa ke jiran mai

Idan filta da mai sun fita daga zargi, sai mu koma kan kayan da ke aiki da ƙarfin mai. Kwatancenka na tsakuwa a gwangwani yafi kama da biyu daga cikinsu, kuma duk a gefen tayimin suke, wato wajen da sarka ke haɗa karanshaf da kamshaf.

Akwai giyar da ke bakin kamshaf mai sauya lokacin buɗe bawul, Toyota na kiran tsarin VVT-i, Honda na kiran nata VTC. A cikinta akwai ɗan fin da ke kulle ta in inji ya tsaya, ya riƙe ta har mai ya iso. In fin ɗin ko raminsa ya cinye, to da an tayar sai cikin giyar ya dinga bugun gefe da gefe, garrrr, sakan ɗaya ko biyu, mai na isowa sai ɗif. An san injin Honda 2.4 na Accord daga 2008 zuwa 2012 da wannan, har kamfanin ya fitar wa makanikansa takardar gyara a kai, kuma ba su kaɗai ba, kusan duk injin da ke da wannan tsarin yana iya yi in ya tsufa. Sai kuma tenshina na sarkar tayimin, shima mai ne ke tura shi ya ɗame sarkar. In ya saki, ko sarkar ta miƙe, ko robobin da take bi sun cinye, sarkar zata dinga dukan murfi har sai mai ya zo. Na giyar yakan daɗe yana yi ba tare da ya jawo ɓarna ba, amma na sarka bana wasa da shi sam, saboda a yawancin injinan yanzu in sarka ta tsallake haƙori fistin zai haɗu da bawul, aikin da za'a yi a gaban inji kawai sai ya koma sauke top silinda. In aka sa kwamfuta aka ga lambar matsala P0016 ko P0017, ma'ana karanshaf da kamshaf basa tafiya daidai da juna, ko P0011, to kar a jinkirta. Kuma in za'a canja sarka a canja da tenshina da robobin gaba ɗaya, kar ace za'a sa sabuwar sarka a bar tsohon tenshina.

Tafet masu aiki da mai, wato ƙananan ƙarafan da ke cike filin tsakanin kamshaf da bawul, suma suna yi, amma nasu daban ne, tik-tik-tik ne siriri daga saman inji ƙarƙashin murfin bawul, kamar keken ɗinki. Tafet ɗin da bawul ya danne shi duk dare man cikinsa ya fita, sai ya sake cika. In ya ɗauke cikin 'yan sakanni ba abin damuwa bane, in yana kai mintuna kullum to akwai datti ko ya mutu.

Wanda ba na mai ba

Akwai ƙarar da ba mai take jira ba, zafi take jira. Fistin alminiyom ne, in yayi sanyi yakan ɗan tsuke, sai ya dinga kaɗawa a cikin silinda yana taɓa bango, ƙarar kamar ana ƙwanƙwasa tulu, kamar injin dizal. Wannan bata ɗaukewa a sakan uku, sai minti biyu zuwa biyar a hankali a hankali. Injinan V8 5.3 na GM na farkon shekarun 2000 sun yi suna da ita kuma da yawansu sun yi doguwar tafiya a haka. In bata shan mai, bata hayaƙi, ni bana ba mutum shawarar ya buɗe inji saboda ita. Haka manifol ɗin salansa, in ya tsage ko gasket ɗinsa ya ƙone ko wani kusa ya karye, zaka ji tas-tas-tas da safe, ƙarfen na zafi ya kumbura ya toshe wajen. Leƙa gefen zaka ga baƙin tabon hayaƙi.

Sai na waje waɗanda ke ruɗin mutane. Kik da bai saki da wuri ba, injin sit, wato robar da inji ke zaune a kai, da ya tsage inji ya daki bodi lokacin tashi, gwangwanin kare zafi na salansa da ya kwance, tenshinan fanbel, fulin altaneta. Waɗannan na fanbel sauƙin ganewa gare su, a cire bel ɗin a tayar na ƙasa da minti ɗaya, in ƙarar ta ɓace ba cikin inji take ba. Tunda taka otomatik ce akwai kuma farantin da ke haɗa karanshaf da tok kombata, wato abin da ke kai ƙarfin inji cikin giya. Na taɓa yanke wa wata mota hukuncin metal, na kwance sam na buɗe kaf ɗin kwanrod, wato murfin sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ɗaya bayan ɗaya na same su sumul, ashe farantin ne ya tsage zagaye da kusoshinsa, tsagar ma sai da tocila na ganta ta ramin kik. Kwana guda na ɓata wa mai motar, kuma abin ya dame ni, domin da na leƙa ramin nan tun farko minti goma ya isa. Ƙararsa da ta metal kusan ɗaya ce, sai dai takan canja in ka sa giya.

Ƙarar nan ta ƙil-ƙil da mota ke yi in ka taka totur a hawa kuwa, wadda fetur mara kyau ko tarin kabon ke jawowa, ba ita kake ji ba, ita sai inji na ɗauke da nauyi. Masu dizal kuma ƙarar safe tasu ce dama, sai in tayi yawa da farin hayaƙi a duba hita fulogi da nozul.

To metal ɗin fa

Ban ce makaniken farko ba zai iya yin gaskiya ba, kuma bana son in kwantar maka da hankali fiye da kima. Metal da ya fara cinyewa shima da safe yake fara nuna kansa, sakan biyu kafin mai ya cika filin da ya faɗaɗa. Bambancin shine ƙararsa mai nauyi ce, dum-dum ko ƙwal-ƙwal daga ƙasan inji, kamar ana dukan bulok da guduma daga ciki, ba kaɗawar gwangwani daga gefen tayimin ba. Kuma baya tsayawa a haka, bayan ɗan lokaci zaka fara jinsa da zafi ma, musamman wajen 2000 zuwa 2500 rpm, wato juyin inji a minti, ko daidai lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur, saboda mai in yayi zafi tsinkewa yake. Wata alamar itace fitilar mai ta dinga ƙyaftawa a sulo bayan doguwar tafiya. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan ka kashe motar a inda take, a jawo ta. Metal ɗin da aka kama da wuri canji ne, wani lokacin da yankan karanshaf a sa metal na milimita 0.25, wanda muke kira 010. Wanda aka cigaba da tuƙawa kuwa juyawa yake a mazauninsa, kwanrod ya karye ya fasa bulok, shine ainihin abin da ake cewa inji ya buga, kuma daga nan sai wani injin.

Yadda zan bi da a hannuna take

Dole motar ta kwana a inda za'a duba ta, wannan shine abin da mutane basa so amma babu makawa, in ka tuƙo ta da zafinta ba abin da makanike zai ji sai labarinka. Da safe a buɗe bonet, mutum ɗaya ya tayar, ɗaya ya tsaya da doguwar sukundireba, bakinta a kan ƙarfe mariƙinta a kunne, a kula da fanka da bel da hannun riga. Tunda sakan uku ne kawai kake da su, waje ɗaya zaka iya saurara a kowace safiya, don haka ajiye waya tana ɗauka a ɗaya gefen yana taimakawa. Wanda ke ciki kuma ya zuba wa fitilar mai ido ya ƙirga. In lafiya ne sakan ɗaya ko biyu take mutuwa. In ƙarar da fitilar tare suke ɗaukewa, ka tabbatar jinkirin mai ne.

Washegari sai a yi gwajin da nafi so. A cire fiyus ɗin nozul-nozul don kar ta tashi, a murza kik sakan goma, a huta kamar minti ɗaya, a sake, har fitilar mai ta mutu. Motoci da yawa in ka danne totur har ƙasa kana murza kik kwamfutar na yanke fetur da kanta, amma ba duka ba, in ta tashi ka ɗaga ƙafa nan take. Sai a maida fiyus a tayar. In ta tashi shiru, kik da injin sit da salansa da fistin duk sun fita, saura masu jiran mai. Amma ka lura metal yana cikin masu jiran mai, don haka wannan gwajin bai wanke shi ba.

Abin da ke wanke shi abu biyu ne. Na ɗaya a yanka tsohuwar filtar, ba da zarto ba don kar garin zarton ya ruɗe ka, a zaro takardar cikin a buɗe ninkinta a rana. Baƙin datti ba komai bane. In ka ga ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa ko jan ƙarfe, metal ne ke narkewa, kuma mayen ƙarfe baya kama shi, wanda ya kama kuwa daga sarka ko kamshaf ko karanshaf ya fito. Na biyu a cire suwic ɗin fitilar mai a ɗaura agogon awon ƙarfin mai na hannu. Fitilar dashbod ba abin dogaro bace, a yawancin motoci sai ƙarfin ya faɗi ƙasa da psi 4 zuwa 7, psi shine ma'aunin ƙarfin mai, take kamawa, lokacin ɓarna tayi nisa. A auna da sanyi, a ga sakan nawa allurar ke ɗauka kafin ta tashi, sannan a bar inji yayi zafi sosai har fanka ta kama a auna a sulo da kuma 3000 rpm. Tsohuwar ƙa'idar da muke bi itace psi 10 ga kowane 1000 rpm, amma lambar littafin injinka ita ce hukunci. In ƙarfin yayi ƙasa ma ba nan take za'a ce metal ba, a kwance sam a duba rariyar da famfo ke jan mai ta cikinta, sau da yawa zaka same ta toshe da daskararren mai kamar kwalta, ko robar bututunta ta tsage tana jan iska. Kuma tunda sam a buɗe yake, ana iya buɗe kaf ɗin kwanrod a ga metal da ido a yawancin motoci ba tare da an sauke inji ba. In ƙarar ta kai ana jinta a sulo, cire soket ɗin koyil ko nozul ɗaya bayan ɗaya, silindar da ƙarar ta ragu a kanta ita ce mai matsalar.

Abu ɗaya da bana so a yi wa inji mai irin wannan tafiyar shine a zuba masa maganin wanke ciki in ba a san tarihin juyensa ba. Dattin da ke manne shiru sai ya ɓalle gaba ɗaya ya tafi ya toshe rariyar. Gara a yi juye biyu ko uku a kusa-kusa da mai mai kyau.

Ni dai ban ji motarka ba, baka kuma faɗi irinta ba, kuma ƙara ta rubutu ko ta waya tana ruɗi, don haka ba zan iya rantse maka ba. Amma da abin da ka bayar, filta ce ta farko a zargina, sai giyar kamshaf ko tenshina, metal na can baya. Ka canja filtar da ta asali mai lambar motar, a zuba man da littafi yace, ka riƙe tsohuwar kar a jefar a yanka ta a gabanka. Ka saurara safiya uku a jere. Kafin nan in ka tayar kar ka taka totur sai fitilar mai ta mutu, ka bata kamar sakan talatin sannan ka ja a hankali. In ƙarar bata ɗauke ba sai a ɗaura agogon awo, ka turo min lambobin sanyi da na zafi, da sunan motar da shekararta, da abin da kwamfuta ta nuna, sai mu san ko murfin tayimin za'a buɗe ko sam.